Kafin Ka Manna Ta a Gilashin Mota

Da kakar bara ɗan ƙanwata ya dawo daga Kano da wata tsohuwar Golf, wadda ya shekara uku yana tara kuɗinta daga cinikin albasa. Yaran unguwa ba su damu da motar ba, hankalinsu duk yana kan wani ɗan abu mai faɗin tafin hannu da ya manna a gilashin gaba. Ya fito yana washe baki, ya ce da ni, "Kawu, wagga ita ka nuna hanya. Ko Ikko ka ce mata, har bakin ƙofa za ta kai ka." Na ce to madalla, amma Ikko ta yi nisa, mu fara da Isa tukuna.

Muka kunna na'urar a ƙofar gida, nan Sabon Birni. Ta yi shiru na 'yan mintoci, sannan wata 'yar kibiya ta bayyana a tsakiyar allo fari fat, ba titi, ba gari, ba gulbi. Ya rubuta Isa, ta ce babu. Ya rubuta Sakkwato, babu. Sai da muka tona cikinta muka tarar taswirar da ke ciki ta Beljiyam ce da Holan. Lafiyarta lau, kuma lambobin da ta nuna na inda muke tsaye daidai suke. Illa dai ta san kowane lungu na birnin Burasel, ba ta taɓa jin sunan Gatawa ba.

Tun daga ranar matasa da dama sun tambaye ni wace na'urar nuna hanya ya kamata su saya: masu sabuwar mota, masu tuƙa wa 'yan kasuwa kaya, 'yan kabu-kabu, da waɗanda suka samu aikin tuƙi a ƙungiyoyin agaji. Ga amsar da nake ba su, da ɗan tsawo, don a bakin tasha ba a samun sararin gama magana.

Abu biyu ne a cikin kowace irin wannan na'ura, kuma mai shago zai sayar maka da su kamar abu ɗaya. Na farko shi ne kunnen da ke sauraren taurarin ɗan'adam. Tsarin GPS na Amurka ne. Sojojinsu suka fara harba taurarinsa a 1978, ya kammala a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba shi da aiki sai shela: ga inda nake, ga lokaci. Na'urarka tana auna jinkirin da shelar ta yi kafin ta iso, ta san nisanta da tauraron. In ta ji huɗu, ta san inda kake. Kafin watan Mayu na 2000 da gangan Amurkawa ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, shi ya sa yau a fili kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba. Rasha na da nata tsarin, GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin zamani suna sauraren fiye da ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau: sauraren nan kyauta ne, ba ya buƙatar layi, ba ya buƙatar data. Mu nan mun ga shaida. A watan Satumba na 2021, bayan Zamfara ta rufe layukan waya, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka rufe na ƙananan hukumomi 14 a Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Mutane suka koma neman tudun da ake kama layin Nijar don su gaisa da 'yan'uwa. Amma duk wanda ya riga ya sauke taswira a cikin wayarsa, ɗigon nan shuɗi mai nuna inda yake bai daina bin sa ba ko na yini ɗaya, don taurarin ba su san an rufe sabis ba.

Abu na biyu shi ne taswirar, kuma a nan kuɗin mutane ke hallaka. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, Garmin na Amurka da aka kafa a 1989 da TomTom na Holan, sun gina kasuwarsu ne a kan direbobin Turai da Amurka. Da wayoyi suka ƙwace musu ciniki, sai tsofaffin na'urorin suka biyo kayan gwanjo suka sauka a Legas da Kwatano, daga nan suka hauro Arewa, kowace da taswirar ƙasar da ta baro. Mai shago zai rantse maka ana iya sa mata ta Najeriya. Wata ana iyawa, musamman Garmin mai ramin katin memori. Wata kuwa kamfanin ya daɗe da daina sabunta ta. Kada ka karɓi "ana iyawa". A sa a gabanka, ka gani, sannan ka zaro kuɗi.

Gwajin ba shi da wuya. Ka fito da ita waje, don a cikin rumfar kwano ba ta jin taurari sosai, ka jira ta kama. Kada ka rubuta Kano ko Abuja, kowace taswira ta san su. Rubuta Unguwar Lalle. Rubuta Tsamaye, Kurawa, Bafarawa, Turba. In ta gano uku daga ciki, ka matso da hoton ka duba ko ta zana titin da ke shiga garin, ko kuwa suna ne kawai a rataye a fili. In mai shago ya fara ƙosawa, ka ba shi kayansa. Wanda ya amince da hajarsa ba ya tsoron a fita da ita rana.

Ni dai ra'ayina, mafi yawanku ba ku buƙatar na'ura ta musamman. Wayar da ke aljihunka ta fi waccan 'yar gwanjon sabuwar taswira nesa ba kusa ba. Google Maps, wadda ta fito a 2005, tana barin mutum ya zaɓi yanki ya sauke shi ya ajiye, ta riƙa yi masa jagora ba tare da data ba, sai dai abin da aka sauke yana tsufa, yana so a riƙa sabunta shi duk lokacin da ka shiga Sakkwato ko wani wuri mai sabis mai ƙarfi. A 2019 ma sun ƙara mata muryar Turanci irin ta 'yan Najeriya da tsarin masu babur. Akwai kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. A cikinsu ana sauke ƙasa sukutum. Ka sa biyu, ka riƙa gwama su, don sau da yawa ƙauyen da wannan ta manta, waccan ta san shi. In kana da hali, ka ware tsohuwar waya guda, ko babu layi a ciki, ta zama ta taswira kawai. Hakan zai bar maka babbar wayarka da caji, kuma kira ba zai shigo ya rufe maka allo daidai kan mararraba ba. Wanda na ga na'ura ta daban ta yi wa rana shi ne mai aikin daji, kamar masu haƙa rijiyar burtsatse da masu auna gonaki, da direban da ke kwana biyu a kan hanya. Shi ma sai mai karɓar sabuwar taswira.

Sai batun suna, wanda ya fi ba ni dariya da haushi. Rubuta "Isa" kawai, wata manhajar sai ta miƙo maka Mount Isa da ke Ostareliya, ko wani gari a Bahrain. Sabon Birni kuwa ba mu kaɗai ke da shi ba, akwai a Jihar Kaduna, akwai a Nijar wajen Gaya. Kullum ka haɗa da sunan jiha, kuma kafin ka taka mota ka dubi tsawon tafiyar da ta rubuta, ka auna da hankalinka. In ka tsallaka iyaka kuma rubutun ya koma na Faransanci. Tsibiri, inda sarautar Gobir ta zauna bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, a taswira Tibiri ce. Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Madawa ta zama Madaoua. Ƙasar kakanninka ce, kana da gwaggo a can, amma in ba ka iya rubuta sunan yadda Bafaranshe ya ji shi ba, na'ura za ta ce maka babu garin. Ka sauke taswirar ɓangarorin biyu tun kana gida, don a bakin iyaka waya kan tsallake ta kama layin Nijar ba da saninka ba, kuɗin data ya narke kamar man shanu a rana. Kuma layin iyaka da ke taswira ba ya faɗin ko a buɗe take. An rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Duk tsawon lokacin nan zanen titin bai canja ba.

Zafi ma abokin gaba ne. A watan Afrilu ƙasar nan kan haura digiri 40 a inuwa, balle bayan gilashin motar da aka kulle a rana. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Batir in ya sha irin wannan gashi sai ya kumbura, allo ya ɗago, wata rana ya mutu gaba ɗaya. Robar da ake mannawa a gilashi ita ma takan saki da tsakar rana, ga ramuka, sai ka ji abu ya faɗo maka a ƙafa kana cikin gudu. Nemi mariƙi mai ƙarfi, ka ɗaura shi ƙasa-ƙasa inda rana ba ta dukansa kai tsaye kuma bai tare maka gani ba. In ka tsaya, cire ta ka sa a aljihu, ka huta da zafi ka huta da ɓarawo. Caja kuwa kada ka yi mata rowa. Ƙananan motoci wutarsu bolt 12 ce, manyan motoci da yawa 24, ka duba abin da aka rubuta a jikinta. Kuma ka saita inda za ka tun mota na tsaye. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana latsa waya ana tuƙi, kuma ko ba ta hana ba, akuyar da za ta tsallaka titi ba ta jiran ka gama rubutu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne abin da babu na'urar da ta sani.

Wata damina, cikin Agusta, za ni ɗaurin aure a wani ƙauye gabas da gulbi. Na makara, sai waya ta nuna mini wata 'yar hanya da ta yanke ta cikin fadama, ta ce zan rage kusan rabin awa. Na san fadamar, na san watan da muke ciki, amma muryar matar nan da ke cikin waya tana magana da tabbaci irin na wanda bai taɓa yin kuskure ba. Na karya kan mota. Ban yi nisa ba ƙasa ta fara laushi, tayoyin gaba suka nutse har gindi, na taka mai, laka ta yi ta feshi har kan rufi. Na fito da babbar rigata mai sitaci na tsaya cikin taɓo, shinkafa kore shar ta kewaye ni, sauro na biki. Can sai ga wani dattijo da shanun huɗa biyu. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka biyo nan bayan ruwa sun sauka?" Na ce, "Waya ce, Baba." Ya ɗan yi shiru yana warware igiya, sannan ya ce, "Ita wayar taka ta taɓa yin damana garin ga?" Shanunsa suka fisgo ni. Na isa an riga an shafa fatiha, ana rabon goro.

Hanyar tana nan, ba ƙarya waya ta yi ba. Da rani motoci ke bin ta, kuma wataƙila da rani aka ɗauki hoton da aka zana ta daga sama. Amma ƙasarmu ƙasar gulabe ce, Rima da Bunsuru da Gagare, kuma hanyar da ke ɗaukar kanta cike da buhuna a Fabrairu ita ce ke zama tafki a Agusta. Gada kan karye, kwalbati kan zube, ba mai gaya wa taswira.

Laka dai wanki take jawowa. Akwai abin da ya fi ta, kuma kun san shi, don a cikinsa kuka girma. An gina waɗannan manhajoji ne su nemi hanya mafi sauri. In ka ce daga Sakkwato za ka Isa, a zane babu wadda ta kai ta Marnona da dajin Gundumi miƙewa, amma an yi shekaru direbobi na kauce mata, suna zagayowa ta Goronyo da Sabon Birni, saboda 'yan bindiga. Zagayen ma ba tsira ce tabbatacciya ba. A Disamban 2021 aka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana dawowa daga Sakkwato, kuma a hannunsu ya rasu cikin watan Agusta. Allah ya jiƙan su da rahama. A allon waya waɗannan wurare layi ne mai santsi kamar kowane layi. A manyan birane manhaja kan gane cunkoso saboda wayoyi dubbai na tafiya a kan titi ɗaya suna aika labari. A nan titin da ba kowa a kansa sai ta ɗauka hanya ce ta buɗe, alhali mu mun san titin da ya yi tsit da hantsi, ba mota mai zuwa daga gaba, abin tsoro ne.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su rasa sanin inda Gwanja take ba. Duk da haka ayari ba ya tashi sai da madugu, kuma madugu na da jagaba mai wucewa gaba ya dubo mashigi da zango, ya ji labarin 'yan fashi. Jagabanku a yau yana tasha. Shi ne direban da ya shigo yanzu da ƙura a gira, da ɗan kamasho da ya kwana yana jin wace mota ta iso wace ba ta iso ba. Ka je da sassafe, ka yi sallama, ka gaisa kamar ɗan mutunci, ka ce, "Baba direba, yaya hanya yau?" Kada ka tsaya kan "lafiya lau" na gaisuwa. Tambayi ƙarfe nawa motar farko ta fita, ko an ga mai dawowa, ko yau akwai rakiyar jami'an tsaro, ko jira ake a taru a tafi tare. Ranar kasuwa, kamar Alhamis ta Shinkafi, hanya na da nata hali dabam da sauran ranaku. In maganar tasha ta saɓa da ta waya, bi tasha. In waya ta ce ka juya ka shiga wata burtali don ka rage minti goma, alhali motocin haya sun miƙe, bi motocin haya. Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya tambayi wanda ya kwana a garin.

Wani abu kuma da ba na jin masu shago na faɗa: na'ura na iya jawo maka zargi. A ƙasar da kowa ke tsoron masu kai rahoto, abu mai eriya da ya yi kama da rediyon soja ba abin ratayawa a gaban mota ba ne. A shingen bincike zai sa a sauke ka a yi ta tambaya, a hannun mutanen daji kuwa Allah ya kiyaye. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son waya, don kowa na da ita. In aikinka ya tilasta maka riƙe ta musamman, ka riƙe katin shaidar aiki tare da ita. Sannan ka tuna tana ajiye tarihin duk inda ka je. Kada ka sa wa gidanku suna "gida", ko shagon maigidanka "shagon Alhaji". In wayar ta faɗa hannun da bai dace ba, ka ba shi jagora har ƙofa. Ka riƙa goge tarihin tafiya. Nuna inda kake kai tsaye kuwa, mutum ɗaya ya isa, mahaifi ko yaya ko maiɗakinka, ba dandalin WhatsApp mai mutum ɗari biyu da ba ka san rabinsu ba, ba kuma Facebook ba.

Inda na ga amfaninta tsantsa shi ne wajen ajiye wurare. Duk inda ka wuce ka ga mai faci, gidan mai da ke da mai da gaske, asibiti, ofishin 'yan sanda, mashigin da ake tsallakawa da rani, danna ka ajiye da sunan da kai kaɗai za ka gane. Cikin shekara guda za ka mallaki taswirar da babu kamfanin da ke da irinta. Ka kuma koyi karanta lambobin nan biyu da take nunawa, don ranar da mota ta mutu maka a daji, su za ka tura wa makanike a gajeren saƙo ko da sabis ɗin sanda ɗaya ne. A yankinmu ta farko tana farawa da 13, ta biyu da 6. Kada ka juya su. In ka sa 6 a gaba, 13 a baya, ka aika mai ceto Kamaru.

Ɗan ƙanwar tawa ya koma Kano bayan sati biyu da niyyar mayar da kaya. Mai shagon ya ce ai an riga an ɓare leda. Yanzu tsohuwar Tecno ɗin matarsa ce ke ɗaure a gefen sitiyari da taswirar Najeriya da ta Nijar a ciki, kuma ba ya fita sai ya biya tasha ya sha shayi. Waccan na'urar kuwa tana hannun 'ya'yansa. Jiya na tarar da su a zaure sun jera kujeru sun yi mota, ƙaramin yana tuƙi da murfin tukunya, wata Baturiya na ta roƙonsu daga cikin akwatin su juya in da hali.